Ƙasa ta fita daga ƙungiya, an sauya bangon fasfo: me kuka gani da idonku?

Ɗan Maraɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Fasfona na Nijar ya kusa ƙarewa. Kore ne, sunan CEDEAO, wato ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, na nan a saman bangonsa. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 mu da Mali da Burkina Faso muka bar wannan ƙungiya, a ranar kuma aka ce fasfon AES, ƙawancen Sahel na ƙasashenmu uku, ya fara aiki. Assimi Goita na Mali ya sanar cewa tsofaffin suna nan da ƙarfinsu har wa'adinsu ya cika. Ita ma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu masu tambarinta, a bar mu mu shiga mu fita ba biza, sai yadda hali ya yi. To wannan maganar manya ce a takarda. Ni abincina a hanya yake, Maraɗi, Kano, Kwatano. Don Allah wanda aka taɓa sauya wa bangon fasfo saboda ƙasarsa ta fita daga wata ƙungiya, ko wanda ya tsallaka iyaka a 'yan kwanakin nan, ya faɗa mana abin da ya gani, da abin da ya ji a ransa. Ban da ji-ta-ji-ta.

Maman Hanifa, Birmingham

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara, tunda na riƙe fasfon Birtaniya kala biyu. Na farkon da aka ba ni ja ne mai duhu, ruwan zoɓo, da sunan Tarayyar Turai a sama. A 1988 suka fara amfani da wannan launi. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Yunin 2016, masu son fita suka ci da kusan kashi 52 cikin 100, sai launin fasfo ya zama abin magana a gidajen rediyo da jaridu. A Disambar 2017 gwamnatin Theresa May ta ce za a koma shuɗi irin na da. Aka fita ranar 31 ga Janairun 2020, a watan Maris aka fara raba shuɗin. Da nawa ya iso sai da na kai shi bakin taga, don a cikin ɗaki baƙi yake komawa.

Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne, ya yi aiki a masana'antar mota har ya tsufa. Ranar da nasa ya zo ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya nuna wa maigidana, idonsa ya ciko. Ya ce irinsa mahaifinsa ya riƙe. Wallahi ban raina wannan ba, mutum ne da yake jin an daɗe ba a tambaye shi ra'ayinsa ba a ƙasarsa.

Amma ni ga inda abin ya same ni. Ƙanwata tana aure a Hamburg. Da can jirgi kawai nake hawa, in zauna iya son raina, ko aiki nake so in nema ba mai hana ni. Yanzu kwana 90 ne cikin kowane 180. Da aka yi mata aiki wajen haihuwa, ga jariri ga yara ƙanana, ina jinya ina duba kalanda. Na baro ta ba ta gama miƙewa ba. Layin da nake bi a filin jirgi ma ya sauya, na koma na baƙi. Sannan dole fasfo ya kasance bai kai shekara 10 da bugawa ba ranar da za ka shiga, kuma ya rage masa wata 3 bayan ranar fitowarka. Mutane da yawa a nan sun rasa jirgi a kan wannan ƙa'ida.

Abin da daga baya ya fito fili shi ne Tarayyar Turai ba ta taɓa tilasta wa kowa launi ba. Kuroshiya ta shiga a 2013, ta ci gaba da shuɗinta. Kwangilar buga sabon fasfon ma an karɓe ta daga kamfanin De La Rue na Ingila aka ba Gemalto na Faransa da Holan, a Poland ake haɗa shi. Shuɗin da ana iya samunsa ba tare da an raba ni da 'yar uwata ba, shi ne abin da yake ci mini rai.

Ɗalibi daga Yamai

Hajiya, Allah Ya ƙara wa ƙanwarki lafiya. Amma da girmamawa, namu ba irin naku ba ne. Ku ba wanda ya yanke muku wuta. Mu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kwana huɗu kacal aka zauna a Abuja aka rufe mana iyakoki, aka ba sojoji mako guda, aka ce in ba haka ba yaƙi. Wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda ita ce mafi yawan abin da muke sha a lokacin, aka katse. Da fitilar waya na yi karatun jarabawa. Mahaifiyata mai ciwon suga ce, mun yi ta zagaya shagunan magani a Yamai muna neman allurarta, wadda muka samu kuɗinta ya ninka. Ba ta san Bazoum ba, ba ta san Tiani ba, ba ta taɓa shiga fadar shugaban ƙasa ba. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Tun daga lokacin duk sanda na ga wannan tambari a bangon fasfon babana, dararen nan nake tunawa. Ni ban taɓa yin fasfo ba, kuma ina so na farkona ya zo ba shi. Tutar AES kore ce da itacen kuka a tsakiya, kuka kuwa tamu ce, a ƙofar gidanmu na ƙauye ma akwai ta. Kundin da aka amince da shi a Nijar a 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wanda bai zauna nan ba ba zai san yadda wannan ya yi wa mutane daɗi ba.

Direban Jibiya

Ƙanena, gaskiyarka kan takunkumi, mu ma a wannan ɓangaren mun sha. Motata ta yi watanni a ajiye, kasuwar Jibiya ta mutu murus, har sai Maris ɗin 2024 da aka buɗe. Amma Alhaji, maganar fasfo, ni da nake ɗaukar mutane Katsina zuwa Maraɗi ta Ɗan Isa, rabin fasinjana ko fiye ba su taɓa riƙe shi ba. Katin ɗan ƙasa ne, wani ma ko shi babu, sai dai ya ce biki zai je gidan gwaggonsa. Bayan fitar nan akwai ranar da aka tsayar da mu a wani shinge, wani fasinja ya miƙa takardar tafiya ta ECOWAS, aka ce masa wannan ta daina aiki, ya kawo fasfo. Muka yi ta roƙo har la'asar. Mako na zagayowa wani ya miƙa irinta a wuri ɗaya, aka duba aka ce mu wuce. Abin ya dogara da wanda ka tarar a bakin aiki. Shawarata, mai fasfo ya tafi da shi, ya haɗa da katin rigakafi, kada ya ba kowa ƙofa.

Malam Mai Ritaya, Katsina

Ɗana na Yamai, na karanta maganarka har sau biyu, kuma abin da aka yi muku bai dace ba. Sarakuna da malamai da 'yan majalisar dattawa na Arewa sun fito sun ce ba su yarda a kai wa Nijar yaƙi ba, wannan ma a riƙa tunawa da shi.

Ina aji a makarantar horon malamai aka kafa ƙungiyar nan a Legas, 28 ga Mayun 1975, Gowon da Eyadema na Togo ne suka yi ta yawo a kanta. Yarjejeniyar zirga-zirga ta zo a 1979, kwana 90 ba biza. To amma a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, yawancinsu 'yan Gana, har da 'yan Nijar masu ɗimbin yawa, alhali duk muna cikin ƙungiya ɗaya. A Agustan 2019 kuma Buhari ya rufe iyakokin ƙasa sai Disambar 2020, ga tambarin nan a bangon fasfon kowa. Na ga 'yan uwanmu suna bin daji da buhun gero a kan babur. Saboda haka ni ban taɓa ganin tambarin ya tsare talaka ranar da gwamnati ta ga dama ba.

Duk da haka ba na murna da cire shi. Kakannina daga Maraɗi suka dawo Katsina, kuma kowa ya san sarautar can Sarkin Katsina ake ce mata, tun da Haɓe suka koma can bayan jihadi. Iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 1,500 Ingila da Faransa suka ja ta. Layin rubutu ɗaya da ke saman fasfona da na ɗan ƙanen mahaifina na Tasawa shi kaɗai ne wurin da hukuma ta rubuta cewa ni da shi abu ɗaya ne. Yanzu an goge a nasa. Muritaniya ta fita a 2000, sai ga shi a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar don kasuwanci da zirga-zirga. Ina roƙon Allah namu kada ya ɗauki shekara 17.

Alhajin Zango, Wagadugu

Ni sabon yana hannuna. Mu a Burkina tun Satumbar 2024 aka fara fitar da fasfo ba tambarin CEDEAO, kafin na AES ya biyo baya. A bangon akwai sunan ƙawancen Sahel, akwai sunan Burkina Faso da tambarinta. Na je Kumasi da shi sayen goro da atamfa. A bakin iyaka jami'in ya juya shi gaba da baya, ya kira abokin aikinsa suka duba tare, ya tambaye ni ko sabon ne, na ce shi ne, ya buga hatimi. Ba a nemi biza ba. Ba zan ɓoye ba, da na karɓe shi na ji wani abu a ƙirjina, don mun binne mutane da yawa a ƙasar nan cikin shekarun rashin tsaro, kuma muna ganin maƙwabta sun bar mu da abin mu kaɗai. Sai dai a aljihuna har yau sefa ce, irin wadda ke aljihun ɗan Abijan da ɗan Dakar. Ba mu fita daga UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa, ba. Yarana suna tambayata yaushe za a sauya ita ma.

Mai Tikiti, Kano

Sana'ata ke nan, sayar da tikiti da cika takardun biza, bari in ƙara haske. Hukumar ICAO mai kula da sufurin jiragen sama ta duniya ita ke tsara girman fasfo da layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto waɗanda na'ura ke karantawa. Ba ruwanta da launi, kowace ƙasa zaɓinta take yi. A cikin layukan akwai haruffa uku na ƙasa: NER na Nijar, NGA na Najeriya, BFA, MLI, GBR. Su na'ura ke gani, kuma ba su sauya ba. Mu a Najeriya kore na kowa da kowa ne, shuɗi na ma'aikatan gwamnati, ja na jakadu.

Inda matsala ke fitowa shi ne farkon fitowar sabon fasfo. Dole ƙasar ta aika samfurinsa ga ofisoshin jakadanci da hukumomin shige da fice na duniya, su shigar da shi cikin kundinsu. Kafin a gama wannan, mai neman biza na iya zama yana jira ba laifinsa. Na ga haka da wani abokin cinikina ɗan Mali, sai da aka ɗaga masa tafiya. Alhaji Ɗan Maraɗi, in kana da tafiyar nesa a gabanka kuma tsohon yana da sauran fiye da wata 6, yi ta da shi. In akwai biza mai rai a cikinsa, kada ka yar bayan ka sabunta, ka riƙa haɗa su biyu.

Maman Hanifa, Birmingham

Ɗana na Yamai, na yarda, ba a yanke mana wuta ba, kuma Allah Ya ba mahaifiyarka lafiya mai ɗorewa. Abu ɗaya kawai nake so ka riƙe. Mu ma shekarar farko ba mu ji komai ba, don an ba da lokacin riƙon ƙwarya har ƙarshen Disambar 2020. Da ya ƙare ne ƙa'idoji suka fara cizo. Abokan aikina masu kaka ko kakanni 'yan Ailan duk suka ruga suka yi fasfon can don su tsira da 'yancin zama a Turai, mu da ba mu da kowa a can muka tsaya. Ku ma yanzu a kan alƙawarin wucin gadi kuke tafiya, ƙasashen AES sun ce ɗan ECOWAS ya shigo ba biza, ECOWAS ta ce haka. Ku matasa ku matsa wa shugabanni na ɓangarorin biyu su mayar da shi yarjejeniya rubutacciya tun ana ɗasawa.

Uwar Biyu, Damagaram

Sannunku da ƙoƙari. Ni 'yar Daura ce, aure ya kawo ni Damagaram, ta Kwangwalam nake zuwa gida. Fasfona kore na Najeriya, na maigida kore na Nijar, da can in an ajiye su tare sai an duba tambarin tsakiya ake bambancewa. 'Yan biyuna a nan aka haife su, takardun Nijar gare su. Hassana ta ce ita sabon take so, don ƙawayenta duk maganar da suke yi ke nan a makaranta. Hassan kuwa likitanci yake so ya karanta a Zariya ko Sakkwato, kusa da kawunnansa, kuma tambayarsa kullum ita ce ko za a ɗauke shi baƙo a can, a kan kuɗin makaranta da takardar zama. Kawunsa ya ce mu nema masa shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya ta wajena, tunda tsarin mulki ya ba ɗan da uwarsa 'yar Najeriya ce wannan haƙƙi. Maigida bai ce a'a ba, amma na ga abin ya yi masa nauyi, ya ce shi ɗansa ɗan Damagaram ne. Bayan sallah za mu je Daura mu fara bin takardun. Malam na Katsina, in akwai wanda ka sani da ya yi wa ɗansa irin wannan, don Allah a gaya mini daga wane ofishi ake farawa.