Muhawara: Ado yana ƙara wa sandar sunuka daraja, ko asarar kuɗi ce?

Alhaji Bello, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Jiya wani yaro ya kawo mini sanduna biyu in zaɓa. Ɗaya fara ce sumul, ba ado ko kaɗan, sefa dubu 20. Ɗayar tana da baƙaƙen tsinaye huɗu a gindi, ga zobba, ga zare a mariƙi, sefa dubu 85. Na gara su a kan tebur, dukansu miƙaƙƙu ne, nauyinsu ma kusan ɗaya. Maganata ɗaya ce: ado ba ya jefa ƙwallo a rami. Duk wanda ya biya dubu 65 ɗin da ke tsakani, fenti ya saya. Mai ja ya fito.

Nura, Kusiri: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Ni ina bayanka. Stephen Hendry na Sukotlan ya ci kofin duniya na sunuka sau 7 tsakanin 1990 da 1999, kuma da sandar da aka saya masa tun yana yaro a kan fam 40 ya yi wannan aikin. Bai rabu da ita ba sai a 2003, da ta karye cikin kayan jirgin sama. In da ado ne ke cin wasa, da ya fi kowa sani.

Malam Hamisu Kafinta, Ngaundere: Alhaji, Allah ya ƙara girma, kafin mu yanke hukunci ina roƙon abu guda. Ka riƙe mai tsinayen nan a hasken rana, ka dubi zaren katakon. Idan zaren farin katako ya bi ta ƙarƙashin baƙin ya wuce abinsa, to hoto ne aka manna aka shafe da man ƙyalli, kuma ka yi gaskiya, fenti ne. Idan kuwa baƙin yana da nasa zaren daban, kuma tsinayen sun ƙare da kaifi, to katako biyu ne aka sassaƙa aka cusa cikin juna. Wannan ba ado ba ne tun asali. Katakon mapul da ake gaban sanda da shi ba shi da nauyi sosai, shi ya sa masu sana'ar suka riƙa haɗa shi da katako mai nauyi irin eboni a gindi, don sanda ta kai giram 510 zuwa 600 da ake so, nauyin kuma ya zauna inda hannu ke buƙata. Yankan tsini yana ba gam wuri mai faɗi ya kama, fiye da a haɗa kai da kai. Daga baya ne mutane suka ga abin ya yi kyau, aka fara saka siraran katako masu launi a gefen tsinayen.

Alhaji Bello, Garwa: Na duba Malam. Baƙin yana da nasa zaren. Amma bakin tsinayen a dunƙule yake kaɗan, ba kaifi.

Malam Hamisu Kafinta, Ngaundere: To injin kwamfuta ne ya haƙa gurbi a jikin gindin aka dasa katakon a ciki. Bakin injin zagayayye ne, shi ya sa ba ya fitar da kaifi. Katako ne na gaske, aiki ne mai tsabta, amma bai shiga ƙashin sandar ba. Masu tara sanduna suna fifita mai kaifi, kuma sukan duba ko tsinayen huɗu sun tsaya a tsayi ɗaya. Ni da na yi shekaru ina aikin katako, na san wahalar daidaita abu huɗu a jikin abu zagayayye. Wanda ya yi haƙurin wannan, da wuya ya yi ha'inci a wurin busar da katako ko zaunar da ƙarfen mahaɗi, wato wurin da ake ɗaura gaban sanda da gindinta, inda ido ba ya gani. A wurina kyakkyawan ado shaida ne a kan hannun da ya yi aikin.

Nura, Kusiri: Malam, shaida ce fa, ba ita ce ke bugu ba. Abin da ke taɓa farar ƙwallo fata ce ƙarama a baki. Tun da wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, ya fito da fatar baki a farkon shekarun 1800, a nan wasan ya koma. Sannan nauyin ɗan gaban sandar. In ka bugi ƙwallo a gefe don ta juya, tana ɗan kauce wa layi, kuma yawan kaucewar ya danganta da nauyin ƙarshen sandar ne. Dalilin da ya sa kamfanin ƙera sanduna na Predator ya rage nauyin bakin sandarsa a shekarun 1990 ke nan, ya kuma fito da ta zaren kabon a 2016. Baƙa ce wuluk, ba zane, amma manyan 'yan wasa da yawa sun koma kanta. Gindi kuwa, ka yi masa ado da zinariya ma, ƙwallo ba ta sani ba.

Hajiya Rabi, Injamena: Ku gafarce ni in sa baki, ni ba na buga wasan amma ina sayar da kayansa. Alhaji ya ce daraja, ku kuma kun koma maganar cin wasa. A kanti, in na jera sanduna, hannun saurayi mai zane yake fara kaiwa, ko da na gaya masa marar zanen ta fi ta fata mai kyau. Kuma in ya tashi sayarwa bayan shekara, mai zanen ce ke samun mai saye da wuri. To wannan ba daraja ba ce?

Alhaji Bello, Garwa: Hajiya, wannan darajar kasuwa ce, kuma ita ce nake kuka da ita. Yaran da ke zuwa wurina 'yan acaba ne da masu ɗinki. Ba na son in ga yaro ya tara kuɗin wata biyu ya sayi zane, alhali bai iya tsayar da hannunsa ba.

Abakar, Injamena: Baba Alhaji, a kan yaran nan ba wanda zai ja da kai. Amma cewa duk fenti ne, nan na tsaya. George Balabushka, wanda aka haifa a Rasha a 1912 ya zauna a Burukilin ta Amurka, ya yi sanduna wajen 1,200 kafin rasuwarsa a 1975. Yau ana sayen sandarsa ɗaya da dubban daloli. Abin lura shi ne yawancinsu ba su cika ado ba: tsinaye huɗu, siraran launuka, zaren lilin na Ayalan a mariƙi, 'yan zobba. Shi kansa gaban gindin mai tsinaye sau da yawa sayensa yake daga wasu gwanaye, irin su Burton Spain da Gus Szamboti, shi ya ƙarasa. Manyan 'yan wasan zamaninsa sun riƙe su ne don daɗin bugu, kafin masu tarawa su zo. Ke nan abin da ke ɗaga farashi shi ne sunan maƙeri, da ƙarancin kayan, da daidaiton aiki. Yawan zane shi kaɗai ba ya yi. Sanda na iya cika da ƙyale-ƙyale ta zama ba ta da mai so.

Kuma Nura, misalinka na Hendry yana da baki biyu. Sandar fam 40 ce, amma ya ƙi canza ta duk da kuɗin da ya samu. Wato abin da ɗan wasa yake ji game da sandarsa yana shiga cikin wasansa. Wanda yake alfahari da tasa zai goge ta, ya sa ta a jaka, ya ƙi jingina ta a bango.

Nura, Kusiri: Yaya Abakar, sabo ne ya riƙe shi, ba kyau ba. Amma na karɓi maganar kulawa.

Idi, Marwa: Ni mariƙin ne ya dame ni, don gidanmu dukawa ne. Kuna sa shi cikin ado, alhali a zafin watan Afrilu na Marwa ko Garwa, tafin hannu jiƙewa yake. Zaren lilin yana shan gumi. Fata tana kama hannu. Gindi mai sulɓin man ƙyalli kuwa wani yana so, wani yana jin yana zame masa. Wannan zaɓi ne da ke taɓa wasa kai tsaye. Na naɗa wa tawa fatar akuya da aka jeme a nan Marwa, sirara, ɗinkin ya ɓace. Ta yi kyau kuma ta yi amfani, ban san a wane ɓangare Baba Alhaji zai ajiye ta ba.

Malam Hamisu Kafinta, Ngaundere: Madalla Idi. Ga wani abu kuma da ya shafi ƙasarmu. Iskar hunturu tana tsotse ruwan katako, damina ta mayar. Kowane katako da irin motsinsa, ƙarfe da roba kuma ba sa bin sa. Shi ya sa sanda mai arha da aka cika wa dashe-dashe, bayan hunturu biyu za ka ji zobban sun taso a ƙarƙashin yatsa, man ƙyallin ya tsage. A nan Alhaji ya fi ni hujja: in kuɗinka kaɗan ne, marar ado ta fi aminci, don wuraren da za su buɗe ba su da yawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne baƙin katakon nan namu ne. Eboni daga dazukan kudancin Kamaru yake fita, ɗan'uwan kanyar da muka sani ne. Har kamfanin gita na Taylor ya shiga cikin sayen masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011. Ana fita da shi waje, ya dawo mana a gindin sanda da tsada.

Abakar, Injamena: Tunda an zo kan kayan da ake dasawa, akwai adon da ni ba na ƙirga shi a daraja ko nawa ya kai: hauren giwa. Tsofaffin sanduna masu tsada da yawa suna da shi a mahaɗi da zane. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Amurka ta ƙara tsanantawa a 2016. Mu nan mun ga abin da ido. Giwayen gandun dajin Zakuma na Chadi sun faɗo daga wajen 4,000 a farkon shekarun 2000 zuwa ƙasa da 500 a 2010, a 2012 kuma aka kashe ɗaruruwa a gandun dajin Buba Njida na Kamaru. Duk wanda aka yi wa tallan sanda da sunan tana da haure, ya bar ta. Akwai farar roba da ke ba da kamanni ɗaya.

Hajiya Rabi, Injamena: Wannan gaskiya ne, kuma ko a boda ma masifa za ta jawo maka.

Alhaji Bello, Garwa: To na ji kowa. Na janye kalmar fenti a kan wannan sandar, tunda Malam ya nuna mini katako ne. Amma dubu 85 ban yarda ta kai ba, kuma na shago marasa ado zan ci gaba da saye, in sa musu fata mai kyau. Nura, in ka shigo Garwa ranar Asabar, za mu naɗe gindin duka biyun da takarda, kai da yara ku buga ba tare da kun san wacce ce ba.

Malam Hamisu Kafinta, Ngaundere: Ku fara sa musu fatar baki iri ɗaya Alhaji, in ba haka ba fata za ku gwada, ba sanda ba. Kuma kada takardar ta rufe mariƙin, don maganar Idi ma tana son amsa.

Nura, Kusiri: In sha Allahu zan taho da fata biyu da alli. Milimita nawa ne bakinsu, Baba Alhaji, 13 ko ƙananan nan na 10?