Moto, mota ko inji: me za mu kira abin da ke juya injin wanki?

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman sunan Hausa na abin nan da ke cikin injin wanki, wanda wuta ke shiga ya juya, shi kuma ya juya kayan wanki. Bature "motor" yake ce masa. To mu mota ta riga ta hau titi da ƙafa huɗu. Ka ce wa uwargida "motarki ta ƙone", sai ta yi salati ta leƙa waje. In ka ce inji kuma, ai akwatin gaba ɗaya shi ne injin wanki. Injin inji ke nan? Bayanin gyara nake rubuta wa yaran shagonmu, nan na cije.

Mai gyara, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, mu moto muke cewa, kuma da shi za ka saye shi a Alaba ko Lawanson. Ka je wa mai shago da wata kalma daban, kallonka kawai zai yi.

Mai tambaya:
Na yarda, Oga, a kasuwa moto ne. Amma a kunne moto da mota 'yan gida ɗaya ne. Ni abin da ya zo min shi ne MAJUYI, a kan ƙirar mabuɗi, matsefi, madubi: abin juyawa.

Wata Hajiya, Obalende:
Ni dai ku daidaita ko ma huta. Duk mai gyaran da ya zo gida abu ɗaya yake faɗa, "Hajiya inji ya ƙone", sai kuɗi. Ba ka san wane yanki ake nufi ba, balle ka yi ciniki.

Mai gyara:
Hajiya, kin taɓo inda ke ƙaiƙayi. Injin nan mai baho biyu da ya cika gidajen Legas, moto biyu gare shi, na wanki da na matsa. Kowanne yana da kafasita, wadda tsofaffin masu gyara ke kira kwandansa, ita ke ba shi turin farko. Ta wanki takan kama daga maikirofarad (ma'aunin kafasita) 8 zuwa 12, ta matsa 4 zuwa 6, galibi an rubuta volt 450 a jikinta. Idan kika kunna kika ji gurnani amma ba ya juyawa, aka ɗan tura shi sai ya kama, to yawanci kafasita ce ta mutu, moto lafiyarsa lau, kuma kuɗinta bai kama ƙafar nasa ba. Wani lokacin bel ne ya saki, ko tsabar kuɗi ta maƙale a ƙarƙashin faifan ƙasan baho. A ɓangaren matsa akwai birki da ke haɗe da murfi, in wayarsa ta tsinke sai ya riƙe bahon gam.

Wanda ya ƙone da gaske ba ya ɓuya. Za ki ji ƙauri, naɗin wayar ya yi baƙi, mitar gwajin wuta kuma ta nuna layi ya yanke ko wuta na zuba a jikin ƙarfe. Abu biyu ke kashe shi a garin nan: wuta mara ƙarfi, inda ya kamata a samu volt 230 a samu ƙasa da haka sosai, ya yi ta gurnani yana zafi, sai kuma ruwan da ke tsiyaya ta robar bahon matsa ya sauka a kansa. Damshin Legas ma ba ya raga wa boris, wato abin da sandar moto ke juyawa a cikinsa. In za a sake naɗi, ki tambaya jan ƙarfe ne ko alminiyam. Kuma don Allah a zare soket, a sauke wutar kafasita kafin a sa hannu, tana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Malamin Hausa, Mile 12:
Ƙirar majuyi ba ta da aibi. Tsorona ɗaya: mai karatu zai iya ɗauka faifan nan ne na ƙasan baho, tunda shi ido ke gani yana juya kaya. Wani ya ba ni shawarar "zuciyar inji", amma wannan kirari ne, ba suna ba. Ba za ka ce zuciyar fanka ko zuciyar famfo kowa ya gane ba.

Mai tambaya:
Allah ya gafarta Malam, ai faifai yana da sunansa, Oga ma yanzu ya faɗe shi ba tare da ya yi tunani ba. A bar wa faifai faifai. Inda ake tsoron ruɗani a ce majuyin lantarki. Sannan ya hau kan fanka, famfon rijiyar burtsatse da injin markaɗe.

Mai gyara:
To injuna masu ƙofa a gaba fa? Da yawansu motonsu na da kabon, wato gawayi, guda biyu da ke gogar amica, ɓangaren da ke juyawa a cikin moto. In sun cinye sai ka ga tartsatsi, ganga ta ƙi gudu. Na kamfanin LG da ake haɗawa kai tsaye da ganga kuwa ba bel ba kabon.

Malamin Hausa:
Majuyi mai gawayi, da majuyi mara bel. Ka ga kalmar ta ɗauki kaya.

Mai tambaya:
Shi ke nan, na rubuta: majuyin wanki, majuyin matsa, naɗin majuyi. A shafin farko zan sa cewa a kasuwa moto ake ce masa, don kada yaro ya je Alaba ya dawo hannu rabbana. Oga, kafasita fa, mu bar ta haka ko mu nema mata nata?

Mai gyara:
Wannan ku bar min ita, ko kwastoma ta saba da ita.