Ina so in koyar da gyaran injin ban-ruwa ta waya, ta ina zan fara?

Bakaniken Jega ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar koyarwa ta intanet.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa. Rumfata tana nan Jega, kuma tun ina yaro nake cikin baƙin mai a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa. Masu kawo mini aiki yawanci manoman fadama ne, masu shinkafar rani da masu albasa da tattasai, daga Aliero, Maiyama, Kalgo, har Bunza da Suru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, aikin namu ya canza. Wasu sun mayar da injinansu na gas, masu hali sun koma famfon sola, mu ma muka koyi haɗa farantan sola da kwanturola, wato akwatin da ke daidaita wutar.

Da an shiga rani wayata ba ta hutawa. Mutum yana tsaye bakin rijiyarsa, jiya aka yi masa dashe, inji yana ta kuka amma ruwa ya ƙi hawa. Sai in ce ya kashe, ya buɗe murfin sama ya cika cikin famfon da ruwa, sannan ya bi tiyon tsotso da hannu ya nemi inda yake shan iska, ya naɗe wurin da tsohuwar robar taya ya ɗaure tamau. Sau da yawa maganar ke nan. Da bai same ni ba, da ya ɗaure inji bayan mashin ya kashe rabin yini a hanya, ya sha mai, ya biya ni, a kan abin da bai wuce minti goma ba. Wani kuma kafin ya kira ya riga ya bar injin yana gudu babu ruwa a ciki har sil ɗin, wato abin da ke hana ruwa yoyo tsakanin famfo da inji, ya ƙone. Wannan asara tana ci mini rai, don na san yadda ake haɗa kuɗin noman nan, wani sai ya sayar da akuyar matarsa.

Shi ne nake tunanin in tsara darasi da Hausa, wanda manomi ko ɗansa zai bi ta waya, ya iya kula da injinsa ya kuma yi ƙananan gyare-gyare. Ba ni da kwamfuta, waya ce kawai mai kyamara. A ina ake ɗora irin wannan? Nawa ya kamata in karɓa? Babban abin da ke tsayar da ni kuwa, idan mutum ɗaya ya biya ya tura wa ƙauyensu duka fa?

Maman Khairat, Birnin Kebbi:

Wa'alaikumus salam Malam. Ni ajin haɗa sabulu da man shafawa nake yi wa mata ta WhatsApp, don haka abin da na sani zan faɗa.

Kada ka fara da ɗaukar bidiyo mai yawa. Ka fara da mutane. Lambobin da ke cikin wayarka na manoman da ke kiranka, su ne ajinka na farko. Ka zaɓi kamar mutum ashirin, ka buɗe musu guruf, ka saita shi yadda kai kaɗai za ka iya turo saƙo, sai bayan isha'i ka buɗe na awa ɗaya don tambayoyi. In ba ka yi haka ba, gaisuwa da tallan takin zamani za su binne darasin. Guruf yana ɗaukar mutum 1,024, amma kada wannan ya ruɗe ka, wanda zai amsa tambayar kowa da bakinsa ba zai iya da ko ɗari ba a lokaci guda.

Maganar kuɗi, ka sa kuɗin rajista ko yaya ne, ko a zagayen gwaji. Na lura wadda ta biya ita ce ke sauraren darasi har ƙarshe ta turo hoton abin da ta haɗa. Ta kyauta kuwa sai ta yi shiru. Ma'aunin da zan ba ka: kada ya wuce abin da mutum zai kashe in ya ɗauko inji ya kawo maka sau ɗaya. Haka zai yi masa sauƙin lissafi. Ka ware asusu daban don ajin, ko na banki ko OPay ko Moniepoint, wanda ba shi da asusu ya je wurin mai POS ya tura, ya ɗauki hoton rasit. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta suna da gari da ranar biya.

Batun turawa, za a tura, Malam, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Na sha ganin bidiyona a hannun waɗanda ban taɓa gani ba. Amma wadda sabulunta ya ƙi daskarewa, bidiyon ba zai ce mata ga inda ta kuskure ba, ni za ta nema. Abin da ake biya shi ne samun ka. Ka riƙa faɗin sunanka da garinka a farkon kowane darasi, duk inda ya je ya zame maka talla.

Ɗan Aliero:

Kawu sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibin kwamfuta ne a jami'ar nan ta Aliero, kuma mahaifina manomin albasa ne, na san wannan kukan injin sarai.

Wayarka ta isa. Murya ta fi hoto muhimmanci, don mutum zai haƙura da hoton da bai fita tas ba, amma in ba ya jin magana zai kashe. Ka sayi ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, kuma kada ka yi bayani inji yana gudu. Ka yi magana, ka tayar a ji ƙarar, ka kashe, ka ci gaba. Ka ɗauka da safe a inuwar rumfa, rana tana bayan mai riƙe wayar. A kusanto da kyamara kan hannunka, ka shimfiɗa farin buhu a ƙasa don ƙananan sukurorin kafireta su fito.

Kowane bidiyo matsala ɗaya, minti uku zuwa biyar. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 mutane suna duba nauyin bidiyo kafin su sauke, ga shi a fadama sabis sai a hankali. Ka haɗa kowanne da saƙon murya mai maimaita matakan. CapCut, manhajar gyara bidiyo ta waya, zai ishe ka yanke wuraren da ba a buƙata.

Wurin ɗorawa: Telegram yana da saitin da ke hana turawa da adana abin da aka sa a tasha, kuma wanda ya shigo daga baya zai tarar da darussan farko a jere, abin da WhatsApp ba ya yi da kyau. Matsalar, manoma da yawa ba su da shi. Akwai Selar, na 'yan Najeriya ne, ana ɗora kwas a biya da naira su cire kasonsu. Udemy kuma, wani dandalin sayar da kwas na ƙasar waje, sai kana da bidiyon aƙalla minti 30 da darasi biyar, kuma masu sayayya a can ba mutanenmu ba ne, ban ga amfaninsa gare ka ba yanzu. Ni dai a ganina WhatsApp don aji, Telegram don ajiya, gajerun bidiyo na kyauta a Facebook da TikTok don a san da kai.

Tsohon Malamin Gona, Argungu:

Ɗana, Allah shi yi ma albarka da wanga tunani. Na yi aikin malamin gona har nay yi ritaya, kuma abin da zan hwaɗa ma ba na waya ba ne, na koyarwa ne.

Masu sana'a in sunka tashi koyarwa, suna son su fara da sunayen sassan inji ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda anka koya musu. Manomi ba ya zama don wannan. Shi da ciwo yaka zuwa. Ka jera darussanka bisa koken da aka kawo ma: inji ya ƙi tashi, ya tashi shina mutuwa, shina gudu ba ruwa, ruwa na zuwa amma ba ƙarfi, shina hayaƙi, shina ɗiga ta ƙasan famfo. Kowane koke, ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo, kamar duba mai da makunni da fulogi, kahin ka kai ga kwance kafireta. Ka samu littafi ka aje kusa da waya, duk wanda yak kira ka rubuta abin da yac ce da irin kalmominshi. Cikin wata guda littahin nan ya tsara ma kwas ɗin da kanshi.

Akwai abubuwan da mu munka sha faɗi a hwadama har muryarmu ta dushe, ka sa su. Irin wanga famfo ba ya jawo ruwan da yaz zarce zurfin kamar mita bakwai zuwa takwas, kome ƙarfin injin. Idan watan Maris da Afrilu sunka zo ruwan rijiya yas sauka, sai a ɗora ma inji laihi a kai shi gyara, alhali gina rami za a yi a sauke shi kusa da ruwa. Sannan rariyar bakin tiyo, da yawa suna cire ta wai tana rage ruwa, yashi da tsakuwa su shiga su cinye fankar ciki. Sai baƙin mai: sabon inji a juye mai bayan awa 20 na farko, daga nan kamar kowace awa 100, mu kuwa sai ya koma kamar kwalta. Da ƙarshen rani a tsiyaye fetur daga tanki da kafireta kahin a jingine inji, don wanda ya kwana watanni a ciki shi ka toshe ta. Masu sola kuma, ƙurar hunturu a kan faranti tana rage ƙarfin ruwa, wankewa da sahe kawai taka so.

Lokaci ma ka duba. Kada ka buɗe aji ana tsakiyar ban-ruwa, ba mai natsuwar saurare. Ka buɗe wajen Nuwamba, sa'ad da aka fiddo injuna daga ɗaki ana shirin rani. Kuma ka sani da yawa daga dattawan ba su ka riƙe babbar waya ba, ɗiyansu ne. Ka yi magana yadda yaro ɗan shekara sha biyar zai gane ya nuna ma babanshi.

Abu biyu ina roƙonka kada ka koyar da su ta waya: mayar da inji na gas, da haɗa wayoyin farantan sola. Tukunyar gas kusa da inji mai zahi ba wurin gwaji ba ne, kuma faranti in anka jera su da yawa wutar da suka bayarwa tana iya kashe mutum. Wanda ka son waɗannan shi zo rumfarka ka gan shi da idonka.

Mai Sifana, Talata Mafara:

Oga, ni ma wannan sana'ar nake yi a nan gefen Bakolori, kuma gaskiya hankalina bai kwanta ba. Wanke kafireta da canza fulogi su ne cefanenmu na kullum. In kowa ya iya, mu da yaranmu me za mu ci? Kuma wani zai kalli bidiyo ya kwance inji ya kasa mayarwa, ya ce kai ka sa shi.

Bakaniken Jega ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, maganarki ta cire mini abin da ya fi tsaya mini a rai. Baba Malam, na karɓi sharaɗinka, gas da haɗin sola ba za su shiga ba. Abin da kawai zan faɗa wa masu gas shi ne yadda za su gane yoyo da ruwan kumfa, su rufe tukunya su nemi mai gyara.

Ɗan uwana na Mafara, na fahimce ka, kuma ban raina maganarka ba, don ni ma da wannan cefanen nake ciyar da gidana. Amma ka duba rumfarka a watan Fabrairu. Injuna jere suna jiran layi, rabinsu datti ne a kafireta, mu kuma muna fama da su har mai babban aiki, wanda zai canza ringi ko fistin ko sil, ya gaji ya tafi. Manomin da ya iya ƙaramin gyara ba ya daina zuwa wurin bakanike, sai dai ya zo da inji mai sauran rai, kuma ya zo da kuɗi a hannu saboda shinkafarsa ba ta ƙone ba. Wanda amfaninsa ya lalace ai bashi yake bar mana. Batun kwancewa a kasa mayarwa kuwa gaskiyarka ne. Zan sa iyaka a fili a kowane darasi: daga nan zuwa nan naka ne, in ka ga kaza ka tsaya ka kai wa mai gyara. Kan silinda da cikin inji ba za a taɓa su ba. In ka yarda ma, duk ɗalibin da ya fito daga wajenku, Mafara ko Bakura ko Maradun, kai zan riƙa tura wa.

Ga abin da na tsayar. Daga yau littafi yana kusa da waya. Zan fara da darasin inji yana gudu ba ruwa, in tura wa mutum biyar daga cikin masu kirana, in ga ko za su iya bi ba tare da sun sake kira ba. In ya yi, sai in ɗauki sauran kafin Nuwamba.

Ɗan Aliero, wane irin makirfo zan ce a ba ni, mai igiya ko marar igiya? Wayata mai ƙaramin bakin caja ce irin ta yanzu, ba ta da ramin iyafis.

Ɗan Aliero:

Marar igiya, Kawu, tunda hannuwanka biyu suna kan aiki kuma igiya za ta iya shiga inji. Ka ce mai bakin Type-C, kuma ka gwada shi a shagon kafin ka biya, ka ɗauki muryarka ka saurara. Ranar Asabar ba ni da lacca, Aliero zuwa Jega ba nisa, zan zo in riƙe maka wayar a darasin farko. Ka tanadi inji ɗaya mai lafiya da tsohon tiyo mai huda, da duro cike da ruwa, don a ga lokacin da ya ƙi ja da lokacin da ya kama.