An jona, a jone take, ko ta jonu?

Jama'a, ina neman shawararku kan wata 'yar jimla da ta tsaya mini a rai kwana biyu. Ina fassara takardar bayanin nan da ke zuwa cikin kwalin kayan lantarki, sai na iso layin da kusan kowace takarda ke ɗauke da shi: "make sure it is properly plugged in". Ma'anar a fili take. Abin da nake nema shi ne Hausar da mutum zai karanta sau ɗaya ya tashi ya duba soket ɗinsa.

Bari in fara da wadda na ƙi. Na taɓa ganin an rubuta "tabbatar an toshe na'urar". Gaskiya ne kalmar Turancin tana da ma'anar toshe rami ko bakin kwalba, amma toshewa a wurinmu hana wucewa ce: an toshe hanya, bututu ya toshe, kunne ya toshe. Mu kuwa so muke wuta ta wuce. Don Allah a ajiye wannan gefe.

Waɗanda suka rage su ne saka, haɗa da jona. Soka da cusa sun zo mini a rai, sai dai akwai ƙarfi a cikinsu, kuma ba na son takarda ta koya wa mutum danna fulogi da ƙarfin tsiya. Saka tana aiki a baka, "saka mini a caji", amma ta yi faɗi da yawa, don ana saka riga, ana saka hannu, ana saka rana. Jona ita ce ta kama wurin sosai. Jona wuta, jona caji, jona waya da kwamfuta, babu wanda zai tambaye ka me kake nufi.

Inda aikin yake shi ne siffar aikatau ɗin. Bature yana juya jimlarsa ya ɓoye wanda ya yi aikin, kuma siffa ɗaya tak yake amfani da ita ko yana nufin aikin da aka yi, ko halin da abin ke ciki, ko sakamakon. Hausa ta raba su uku. "An jona" labarin aiki ne, wani ya kai hannu ya saka. "A jone take" bayanin hali ne a yanzu. "Ta jonu" kuwa shaida ce cewa aikin ya yi.

Ga abin da ya sa na damu da bambancin. Kwanaki yayata ta kira ni, butar lantarkinta tana kawo wuta tana ɗaukewa. Na ce, "Yaya, an jona kuwa?" Ta ce, "An jona mana, da hannuna na jona." Kuma gaskiya ta faɗa. Da na je, sai na tarar fulogin ya shiga rabi, ya ɗan sunkuya ƙasa saboda nauyin waya, idan ka taɓa shi yana rawa. Gefen rami ɗaya na soket ɗin ya yi baƙi-baƙi, robar ta fara narkewa, ga wani ƙauri da sai ka matsa kusa kake ji. Da na ce mata "ya jonu?", da sai ta je ta duba kafin ta ba ni amsa.

Wannan rawar fulogi ba ƙaramin abu ba ce. Buta mai wat 2,300 a kan wuta mai bolt 230 tana jan amfiya 10. Idan ƙarfe ya zauna daram a kan ƙarfe, wutar tana wucewa salin alin. Idan kuwa ɗan gefe kawai ke taɓawa, duk wannan wutar ta ƙaramin wuri za ta matsa, wurin ya yi zafi, tartsatsi ya riƙa tashi a ciki, zafin ya ƙara sassauta ƙarfen da ke riƙe fulogin, gobe abin ya fi na yau muni. Gobara da yawa daga nan take farawa. To kalmar da za mu zaɓa tana da nauyi.

Shi ya sa zuciyata ta kwanta da "jonu". Wannan siffa mai ƙarewa da wasalin u, wadda masanin harshen Hausa F. W. Parsons ya sanya a aji na bakwai lokacin da ya karkasa aikatau na Hausa a 1960, tana ɗauke da ma'anar "sosai" a cikinta. Ƙofa ta rufu, igiya ta ɗauru, mota ta gyaru. Ba ka buƙatar ƙara "yadda ya kamata", ta riga ta faɗa. Har wani amfani gare ta: idan ka ɗauko fulogin Amurka mai siraran ƙafafu biyu ka nufi soket irin na Ingila mai rami uku, sai ka ce "ba ya jonuwa", wato ba zai yiwu ba. Da USB na da ma haka ne, idan ka juya shi ba ya jonuwa, sai da USB-C ya zo a 2014 aka huta da juye-juye.

Wani malami ya ja hankalina cewa jona aro ce daga Turanci, me zai hana mu ɗauki haɗa tunda tamu ce gada da gada. Malam, Allah ya ƙara sani, na ɗauki maganarka da muhimmanci. Uzurina biyu ne. Jona ta zauna a Hausa har tana juyuwa kamar kowace kalma tamu: jona, jone, jono, jonu, jone-jone. Na biyu, idan na rubuta "tabbatar na'urar ta haɗu", yaran yanzu yabo za su ji, don "ta haɗu" a bakinsu tana nufin ta yi kyau.

Amma Malam, haɗa tana da gurbinta, kuma jona ba za ta iya tsaya mata ba. Idan aka kwance fulogi ana saka wayoyi a cikinsa, haɗawa ake yi. A tsarin Ingila da Turai na yanzu, waya mai ruwan ƙasa ita ke ɗauke da wuta, shuɗiya ta dawowa ce, mai ratsin kore da rawaya kuma ta ƙasa ce, wadda ke kwashe wuta idan ta zubo jikin na'ura. A tsohon tsarin Ingila ja ce mai wuta, baƙa ta dawowa. A Amurka kuwa baƙar ita ce mai wutar, fara ta dawowa. Wanda ya saba da wancan ya taɓa wannan da ganganci, wuta za ta ja shi. A nan "an haɗa wayoyin daidai" ita ce Hausar, kuma dole "daidai" ta fito, domin waya tana iya ɗauruwa tamau alhali a gurbin da ba nata ba aka sa ta.

Wani abu da nake so masu fassara su lura da shi a fulogin Ingila, wanda aka fito da tsarinsa a 1947: ƙafar sama ta fi sauran biyun tsawo. Ita ce ke haɗe da wayar ƙasa, mai kwashe wuta. Ita ke fara shiga, ita ke buɗe 'yan ƙofofin da ke rufe ramukan wuta, ita ce kuma ta ƙarshen fita. Saboda haka fulogin da aka karya wa wannan ƙafa, ko waya tsirara da aka tura cikin rami da tsinke, ko da na'urar ta tashi, ni ba zan kira shi ya jonu ba.

Wata 'yar'uwa ta tambaya ina za a kai "a jone". 'Yar'uwa, wurinta gargaɗi ne. "Kada a buɗe na'urar tana jone." "Kada a bar dutsen guga a jone a fita." Kishiyarta kuma zare ko cire: "a zare fulogi kafin a fara gyara". Na fi son zare, don tana nuna a kama kan fulogin a jawo shi a hankali, ba a fizgi waya ba.

Roƙo ɗaya ga masu rubuta matakin da ke biye: kada a ce "sai ta kama wuta". A ce "ta kawo wuta" ko "ta tashi". Kama wuta ƙonewa ce.

Ga abin da na rubuta a takardar, in akwai gyara ina saurare: "Tabbatar fulogin ya jonu, ya shige har ƙarshe, ba ya rawa. Idan ka ji ya yi zafi ko yana ƙauri, kashe makunnin soket ɗin ka zare shi."