Fayil ɗaya zai iya tada kowane bod?

Ɗan Auta: Salamu alaikum. Maganata ita ce: rikicin tada ƙananan bod na ARM, wato 'yan kwamfutocin nan masu allo ɗaya, ya ƙare tun da U-Boot, shirin da ke tada tsarin aiki, ya fara karanta fayil ɗin extlinux.conf. Layuka ne 'yan kaɗan: inda kanel (zuciyar tsarin aiki) yake, inda initrd (kayan da yake fara lodawa) yake, sai fdtdir (inda bayanin bod yake) da append (umarnin da ake miƙa wa kanel). Mutanen tsarin Linux na Fedora ne suka matsa a kai wajen 2014, tsarin Debian ma yana iya rubuta shi. Kamfanin da har yau yake kawo nasa fayil ɗin tashi, boot.scr ko uEnv.txt, son wahalar da mutane ne kawai.

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kama reshe ka bar tushe. Kafin a karanta fayil ɗin nan, wa ya tada U-Boot ɗin kansa? Kowane chif yana da ɗan shirin da aka dasa masa tun daga masana'anta, kuma kowanne da inda yake leƙawa a katin memori. Allwinner yana duba 8 KiB daga farkon kati. Rockchip sai sekta ta 64, wato 32 KiB. Raspberry Pi kuwa nasa daban ne gaba ɗaya, ɓangaren FAT yake nema da config.txt. To wane fayil ne zai sasanta waɗannan?

Ɗan Auta: Malam, ai wannan matakin farko ne, ni na biyu nake magana.

Malam Injiniya: Na farkon ne ke hana mu barci. Na taɓa tsara kati da GPT, wato teburin raba kati ɓangare-ɓangare, na rubuta U-Boot na Allwinner a kai, na kunna, shiru. Ashe teburin GPT yana kaiwa har 17 KiB, na zo na zauna masa a tsakiya. Sai bayan isha'i na gano.

Hajiya Mai Saba: Ku biyun duk kun tsaya a baya. U-Boot ya iya UEFI, hanyar tashin manyan kwamfutoci, tun 2016, Arm kuma ta fitar da EBBR, ƙa'idar amfani da ita a ƙananan bod, a 2019. Bod ya nemo fayil ɗin BOOTAA64.EFI, GRUB, shirin da ke loda kanel, ya karɓa, shi ke nan. Haka openSUSE ke tashi har a kan Raspberry Pi. Ni injuna nake kula da su da yawa, ba ni da lokacin koyon halin kowanne kamar kishiyoyi.

Baban Yara: Hajiya, da girmamawa, UEFI kayan masu ɗaki da falo ne. Na'urar da nake haɗawa aiki ɗaya take yi, ana so ta farka da zarar wuta ta dawo. Me zan yi da GRUB da jerin zaɓi, alhali ko allon kallo ba ta da shi?

Hajiya Mai Saba: Baba, kai da ke gina komai da kanka ba da kai ake ba. Ana maganar wanda zai sauko da Debian ko Fedora ya saka a bod ɗin da ya saya, ba tare da ya nemi kwafin tsarin aikin da kamfani ya dafa da tsohon kanel ya watsar ba.

Malam Injiniya: A nan na yarda da Hajiya, amma da sharaɗi: a ba bod ɗin ɗan filashin SPI, wato ƙaramin chif na ajiya, inda U-Boot zai zauna, kamar yadda RockPro64 yake da shi. In haka ne katin ya zama na tsarin aiki shi kaɗai. Matsalar, masu ƙera bod mai araha wannan ɗan chif ɗin suke fara cirewa.

Ɗan Auta: To ko da SPI ɗin, device tree fa, wato bayanin kayan bod da kanel ke buƙata? A UEFI daga wajen bod ake tsammaninsa. In sabon kanel ya zo da gyara, bod na riƙe da tsoho, sai ka ga intanet ɗin waya ko USB ya ƙi aiki. Da fdtdir kuwa, kanel da bayanin bod tare suke tafiya.

Hajiya Mai Saba: Wannan kam ka taɓa inda ke ciwo, ban musa ba.

Baban Yara: Ku fara daidaita gudun siriyal tukuna, wato wayar da ake ganin saƙonnin bod ta cikinta. Jiya na jona waya a 115200, sai wasu haruffa kamar rubutun aljanu. Rockchip ne, 1500000 yake so, kuma 'yar adaftata ba ta kai nan ba. Wa ke da wadda zai ara mini zuwa Asabar?