Taƙaitawa: yadda za a rage RAM ɗin da Git ke cinyewa wajen karanta manyan fayiloli

Ga abin da na tsinta daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan yawan RAM ɗin da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, ke ci.

1. Kusan kowa ya yarda cewa tushen matsalar shi ne loda fayil ɗungurungum cikin RAM kafin a fara tantance shi. Maganin kuwa a riƙa karanta shi gutsure-gutsure, a gama da wannan, a saki wurin da ya riƙe, sannan a ɗauko na gaba.

2. Kafin a gyara komai, a auna da manhajojin bin diddigin RAM irin su heaptrack ko Massif na Valgrind, don a ga ainihin wurin da RAM ke taruwa.

3. Nan aka fi daɗewa, wato a kan saitunan Git. pack.windowMemory iyakar RAM ce ga kowane zare guda (thread, wato layin aiki da ke gudana tare da wasu), don haka idan pack.threads, wato adadin zaren, ya yi yawa, jimillar sai ta ninka. A rage su tare. Shi kuwa core.bigFileThreshold, girman da Git ke ɗaukar fayil a matsayin babba daga kansa, wanda asalinsa 512 MiB ne, idan aka sauke shi, Git zai daina neman bambanci tsakanin manyan fayiloli, ya matse su kawai. RAM zai samu sauƙi, ma'ajiyar kuma za ta ƙara girma a faifai. A ganina cinikin ya biya.

4. An rabu a kan mmap, hanyar da ke barin a karanta fayil kamar yana cikin RAM ba tare da an loda shi duka ba. Wasu na ganin ya wadatar, wasu suka ce a na'ura mai 32-bit wurin adireshi kan ƙare, sai an rage core.packedGitLimit, iyakar abin da Git ke buɗewa ta mmap a lokaci guda.

5. A kan Git LFS, ƙarin manhaja ta Git mai kula da manyan fayiloli, ma an rabu: yana fitar da manyan fayiloli daga tarihi, amma kwashe tsofaffin na buƙatar sake rubuta tarihin, kuma masu aiki cikin tawaga ba su yi na'am da hakan ba.