Tambaya: tatu da tsagar gado suna hana mutum shiga soja?

Bagobiri88:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar ɗaukar kuratan soja ku taimaka min da bayani. Ƙanena ne, shekararsa 20, ya gama sakandare sakamakonsa ya yi kyau, tsawo ma ya wuce mita 1.68 ɗin da ake nema wa maza, kuma tun yana ƙarami ba shi da buri sai kaki. To matsalar guda biyu ce. Mu Gobirawa ne, yana da tsagar gado a kumatu wadda wanzami ya yi masa tun yana jariri. Ta biyun kuma ita ta fi hana ni barci, lokacin da yake makarantar kwana shi da abokansa suka rubuta harafin farko na sunansu a damtse da allura da tawadar biro, ƙaramin abu ne amma ya zauna daram, shuɗi-shuɗi haka, ko an goge da soso yana nan.

Yanzu abokansa sun ce wai ya ƙone wajen da ruwan batir ko ƙwallon kashu kafin ranar tantancewa, wani mutum kuma ya zo har gida ya ce a haɗa masa kuɗi shi zai san yadda za a yi a kau da kai. Hajiyarmu duk hankalinta ya tashi. Mene ne gaskiyar dokar, kuma me ya kamata mu yi?

TsohonSaje:
Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da mai neman kuɗin nan, kar ku ba shi ko sisi, ɗan damfara ne. Neman shiga soja kyauta ne, rundunar da kanta tana faɗar haka a duk sanarwar da ta fitar, kuma ranar gwajin lafiya ba mutum ɗaya ke duba yaro ba balle a ce an saye shi. Ana sa su tuɓe, a duba su tun daga kai har tafin ƙafa, a ce ɗaga hannu, juya, buɗe baki, ware yatsu. Babu abin da ke ɓuya a wurin nan. Kuma ko yaro ya tsallake a jiharsa, idan ya isa Depo, wato makarantar horon kuratan soja da ke Zariya, za a sake dubawa kafin a fara horon wata 6, ana maido mutane gida daga can bayan an riga an yi musu addu'ar tafiya, wannan ya fi ciwo.

Maganar tsaga kuwa ka kwantar da hankalin Hajiya. Ni na yi aiki da Gobirawa da Kabawa da Barebari da Yarabawa masu tsaga a fuska ba adadi, wasu har sun zama hafsoshi muna sara musu. Ka dubi hoton marigayi Janar Sani Abacha ma, da tsagarsa. Abin da sharuɗɗan ke ambata shi ne tatu ko rubutu a jiki, wato abin da mutum ya je ya sa aka yi masa. Haka tabon ƙaho ko 'yar tsagar magani da ake wa yara in suna ciwo, likitan soja ya saba ganinsu, ya san bambancinsu da zane.

Amma harafin damtsen nan ba zan rufe ka ba, matsala ce. Dalili shi ne ƙungiyoyin asiri, da yawansu da alama a jiki suke gane junansu, kuma soja ba ya son ya ba mutum bindiga alhali yana da wata rantsuwar da ya yi wa wasu a waje. Mai tantancewa yana da ɗaruruwan yara a layi cikin rana, ba shi da lokacin zama ya ji tarihin makarantar kwana, ya ga alama sai ya ce koma gefe. Kuma ba masu shiga kaɗai ba, ko waɗanda ke cikin aikin, sabon kundin sharuɗɗan aikin soja da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Disamba 2024 ya fito fili ya hana hafsa yin tatu ko huda wani sashe na jikinsa, a wuri ɗaya da ya hana maye da tada rigima a bainar jama'a. Kaga ke nan ƙara tsanantawa ake ba sassautawa ba.

Anti_Nas:
Innalillahi, ruwan batir?? Dan girman Allah ɗan'uwa yau ɗin nan ka kira yaron nan ka hana shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma mun sha karɓar irinsu, wani saurayi da aka kawo mana dutsen guga ya ɗora a hannu, wajen ya kumbura ya yi ruwa yana wari, muna wanke masa yana kuka kamar ƙaramin yaro, kuma bayan ya warke tawadar tana nan a ƙarƙashin tabon ana hango ta. Saboda tawadar ba a saman fata take ba, allura ta kai ta can ciki, kafin ƙuna ta isa inda take ta riga ta lalata fatar. Sannan fatarmu ta baƙaƙe tana da saurin yin tabon nan mai tudu mai sheƙi wanda ke ci gaba da girma yana ƙaiƙayi, shi kuma ya fi tatun wahalar magani nesa ba kusa ba. Ƙwallon kashu ma haka, man da ke cikin ɓawonsa ƙona fata yake.

Hanyar da ta dace ku je asibitin koyarwa ku nemi ganin likitan fata. Ana cirewa da na'urar leza, ba zama ɗaya ba ne, ana yi a bar makonni 6 zuwa 8 a sake, amma abin farin ciki tawada baƙa ko shuɗiya ta fi saurin fita a kan kore ko rawaya, kuma wanda yara suka yi da hannu yawanci ya fi na masu inji sauƙin gogewa. In ƙarami ne sosai likita na iya yanke wajen ya ɗinke. Shi zai duba ya zaɓa.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba amma shi ya fi tsaya min a rai, ka ce shi da abokansa suka yi, to allura ɗaya suka yi ta zagayawa da ita? A kai shi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da kuma ƙanjamau. Soja ma za su gwada jininsa, gara ku riga su sani.

Zango_Bronx:
Ni abin yana ban mamaki wlh. Nan Amurka sojan ƙasa tun 2022 sun yarda da tatu ɗaya a kowane hannu in bai wuce inci 1 ba, da ɗaya a bayan wuya har inci 2, da bayan kunne, fuska ce dai har yanzu ba a yarda ba, sai kuma zanen batsa ko na wariyar launin fata ko na masu tsattsauran ra'ayi. Ingila ma tun 2014 suka bari a hannu da bayan wuya. To ƙasar da ke fama da 'yan bindiga tana neman matasa masu zuciya, a ce a kori yaro lafiyayye saboda harafi ɗaya da ya yi yana ɗan shekara 14? Gaskiya ni ban ga adalci a nan ba, a tambaye shi mana, a bincika.

Malam_Na_Tudu:
Ɗan'uwa na Amurka su sun sassauta ne don suna ƙarancin masu shiga kuma tatu ya zama ruwan dare a matasansu, mu nan masu nema sun ninka guraben sau da yawa, kowane ƙaramin dalili ya isa a rage layi. Ta fuskar addini kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an la'anci mai yin zanen da wadda ake yi wa, amma yaro ne ya yi cikin ƙuruciya, ya yi istigfari, kuma babu malamin da zai ce ya cutar da jikinsa da wuta don ya goge. Ita ma tsagar ku sani dokar kare haƙƙin yara ta 2003 sashe na 24 ta hana yi wa yaro, na baya ya wuce, amma 'ya'yanmu a bar musu fuskarsu.

Bagobiri88:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na tambaye shi, allura ɗaya ce su huɗu, jikina ya yi sanyi wlh, gobe in sha Allahu gwajin jini za mu fara. Baba Saje tambaya ta ƙarshe, in cirewar ta ɗau watanni ya bari wannan ɗaukar ta wuce ke nan? Sannan akwai 'yar ƙanwar babanmu ita ma tana son cike fom, tana da hudar kunne da ta hanci, kuma ba ta rabuwa da lalle.

TsohonSaje:
Ya bari ta wuce ɗana. Iyakar shekaru ga wanda ba shi da sana'a 22 ce, yana da sauran lokaci, in kuma ya riƙe wata sana'a da takardarta kamar kanikanci ko walda ana ɗauka har 26. Ya je da fata ta warke sarai, kuma ya riƙe takardar asibitin da aka yi aikin, in an ga ɗan tabo aka tambaya ya faɗi gaskiya ya miƙa ta. A wannan tsakanin ya dinga gudu da asuba, don yara da yawa a gudun farko suke zubewa tun kafin a kai ga tuɓe riga.

Ita kuma 'yar uwarku, hudar kunne da aka yi mata tana jaririya kusan duk matan da ke bariki suna da ita. Ta cire ɗan hanci tun yanzu ta bar wajen ya toshe, kar ta ƙara wata huda a saman kunne, ranar tantancewa kuma ta je ba ɗan kunne ba sarƙa. Lalle ta dakatar da shi kamar wata guda kafin ranar, musamman baƙin nan na dayis, don kar a gan shi ya fara dushewa a ɗauka zane ne, kuma za a ɗauki hoton yatsunta, gara hannun ya zama fes.